Tarihin Kogi a Bangon Rijiya

Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Galibi akan kawo wannan karin magana ne don a zaburar da rago ya tashi ya nema, amma in an ƙara dubansa za a ga ba ruwa kaɗai ke kwance a ƙasa ba. Akwai labari ma a can, shi ma kuwa ba ya samuwa sai ga wanda ya tona. Wannan ɗan rubutu ya shafi wani dattijo ne na ƙasar Gwaram, wanda ya yi fiye da shekara 40 yana tonon, yana ganin labarin nan da idonsa, amma bai tsaya ya karanta shi ba sai da kogi ya ci masa gona.

Dattijo da gonarsa

Haƙar rijiya ita ce sana'ar dattijon nan ta rani. Tun yana saurayi yake bin ubangidansa da dagi da igiya da kwando, daga ƙauyukan Gwaram har zuwa na Birnin Kudu, kuma unguwanni da yawa a tsakanin nan har yau ruwan haƙarsa suke sha. Da damina kuwa manomi ne kamar kowa. Yana da gonar tudu inda yake shuka gero da dawa, amma abin alfaharinsa shi ne wata fadama da ya gada wurin mahaifinsa a bakin Kogin Bunga. Wannan kogi yana tasowa ne daga tsaunukan wajen Jos, ya gangaro ta ƙasar Ningi, ya ratsa ƙasar Gwaram, sa'an nan ya sake komawa cikin Jihar Bauchi, inda aka fi saninsa da suna Kogin Jama'are. A fadamar nan dattijo ke samun shinkafa da rake da albasa. Da ita ya aurar da 'ya'yansa, ita ce kuma yake fatan ya bar musu.

Sai dai gonar tana daidai inda kogin ya lanƙwasa ne, ta gefen da ruwa ke dukan gaɓa. Kowace damina sai ya gutsuri kunya ɗaya ko biyu, dattijo kuwa ya ɗauki wannan kamar haraji, ba ya ko maganarsa. A daminar 2022, shekarar da ambaliya ta yi mummunar ɓarna a sassa da dama na Jihar Jigawa, sai harajin ya zama ƙwace. Cikin kwana uku gaɓa ta zube, kashi ɗaya cikin uku na fadamar ya tafi, har da wata ɗinya da mahaifinsa ya bari don shaidar iyaka. Da ruwa ya janye sai aka ga wani abin mamaki a ƙetare: mutanen can ba a ci musu ko taki ɗaya ba, amma kogi ya jibge musu yashi a kan fadama har iya gwiwa. Wanda aka ɗiba wa yana kuka, wanda aka ƙara wa yana kuka.

Kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Waɗansu suka ce 'yan ruwa ne aka taɓa, waɗansu suka ce alhakin mutane ne ya yi yawa, waɗansu kuma suka ce da an gama madatsar Kafin Zaki da ba a ga haka ba. Babban ɗan dattijon bai shiga wannan musu ba. Shawararsa ita ce a sare sauran gezar da ke bakin gaɓa, a yi huɗa har bakin ruwa, don a mayar da abin da aka rasa tun kogi bai zo ya kwashe sauran ba. Dattijo bai ce i ba, bai ce a'a ba, amma abin ya hana shi barci.

Abin da aka iske a rijiya

Ana nan sai ɗan ƙanensa, wanda ke koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Birnin Kudu, ya zo yi masa jaje. Suka tafi gonar tare, suka tsaya a bakin gaɓar da ta zube.

Saurayin ya ce, “Baffa, Allah ya mayar da alheri.”

Dattijo ya ce, “Amin, Malam.” Tun da yaron ya fara koyarwa yake kiransa da haka, rabi girmamawa rabi tsokana. Ya yi shiru, can ya ce, “Mutane suna cewa kogi ya bar hanyarsa ya shigo gonata. Ni kuwa ina tunanin ko ni ne na shiga tasa. Ai na taɓa iske kogin nan a inda ba a zaton sa.”

“A ina, Baffa?”

“A ƙarƙashin gidan wani mutum, can kan tudu, inda ko kakanninmu ba su taɓa jin ruwa ya je ba.”

Sai ya ba shi labarin wata rijiya da ya haƙa shekaru da yawa da suka wuce. Da ya wuce ƙasar noma ta sama sai ya iske baƙar laka mai danƙo, da ƙumba a cikinta, irin wadda yara ke tsinta a bakin gulbi. Ƙarƙashin lakar sai yashi mai kaushi gauraye da tsakuwa, tsakuwar kuwa duk ta goge ta yi sumul. Bayan wannan sai jan rairayi mai laushi kamar gari, babu ko ƙwayar tsakuwa a ciki. Daga nan sai ruɓaɓɓen dutse, wanda dagi ke shiga kamar ana fasa busasshen tuwo, a nan ne kuma ruwa ya ɓullo.

Malamin ya tambaye shi wanne ya fi kauri a cikinsu. Dattijo ya ce yashin nan mai tsakuwa, don shi kaɗai ya kai gaba uku, shi ne kuma ya so ya rufta da shi. Malamin ya ce, “To, Baffa, ka karanta littafin da nake koyarwa tun ban san baƙi ba. Sai dai kai daga sama ka faro, shi kuwa daga ƙasa aka fara rubuta shi.”

Zamanin iska

Abin da malamin ke nufi shi ne, kowane hawa na bangon rijiya shaida ne na irin yanayin da ya ajiye shi, na ƙasa kuwa shi ne ya riga zuwa. Kudancin Jigawa yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri. A zamunnan da ruwa ya yi yawa, danshi yakan ratsa tsagogin dutsen nan ya ruɓar da shi tun yana binne, ya bar curi-curi waɗanda suka gagara. In aka daɗe ruwa yana kwashe ruɓaɓɓen, sai waɗanda suka gagara su bayyana a fili, wani a kan wani. Haka duwatsun Birnin Kudu suka samu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda Bernard Fagg ya yi nazarin zanen shanu da duwatsun kiɗa a tsakiyar shekarun 1950. Watau kogon da mutanen da suka yi zane a ciki, shi kansa aikin zaizaya ne na shekaru aru-aru.

Jan rairayin nan mai laushi kuwa ba aikin ruwa ba ne. Ruwa yakan haɗa manya da ƙanana ya zubar, amma iska ba ta iya ɗaukar tsakuwa, saboda haka abin da ta tara yakan fito kamar an tankaɗe shi. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da arewacin Amurka, ƙasashen nan namu na bakin Hamada sun bushe ƙwarai. Tafkin Chadi ya ƙafe, Sahara ta matso kudu da ɗaruruwan kilomita, iskar arewa maso gabas kuwa, watau kakar hunturun yau, ta yi ta turo rairayi tana jera shi tudu-tudu. A 1958 wani masanin labarin ƙasa na Ingila, A. T. Grove, ya bayyana waɗannan tuddai a matsayin ragowar tsohuwar hamada a ƙasar Hausa. Har yau wanda ya bi ta wajen Jahun zai gan su a miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, an noma gero da gyaɗa a kansu. Irin ƙasar nan ce ake kira jigawa, daga gare ta kuma jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ta sami sunanta. A wancan zamani koguna ba su da ƙarfin da za su share hanyarsu, don haka rairayi ya cike kwaruruka, ya toshe magudanai.

Zamanin ruwa

Daga baya al'amari ya juya. Dalilin juyawar kuwa yana cikin tafiyar duniya ne. Duniya tana juyi tana ɗan layi, kamar katantanwar wasa in ta fara gajiya, kuma tasirin layin nan a kan yanayi yakan zagayo kusan kowace shekara 21,000. Milutin Milankovitch, mutumin Sabiya, shi ne ya yi fice wajen lissafin yadda wannan ke sauya rabon zafin rana. Kimanin shekara 11,000 da suka wuce zafin bazara a arewacin duniya ya fi na yau, ƙasa ta riƙa ɗaukar zafi sosai, ta riƙa jawo iskar damina daga Tekun Atlantika da ƙarfi har can cikin Sahara. Hamada ta yi ciyawa da tafkuna. Tafkin Chadi ya cika har ya kai murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka, tsohuwar gaɓarsa kuwa ita ce dogon tudun yashin nan da ya bi ta Bama da Maiduguri.

Akwai shaidar wannan zamani wadda ta fi kowace daɗi ga kunnen dattijo, don ita ma a rijiya aka same ta. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, kusa da Kogin Komadugu Gana a Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da itace. Da masana na Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka auna shekarunsa aka sami kimanin 8,000. Yana kwance ne a zurfin mita 5. Mita biyar ɗin nan duk laka ce da yashi da ruwa ya yi ta shimfiɗawa a kansa bayan masu shi sun tafi.

Baƙar lakar da dattijo ya iske da ƙumba a ciki, irin ajiyar zamanin wadata ce. In ƙasa ta rufu da ciyawa da itatuwa, ruwan sama yakan sauka a kan ganye, ya tsiyaya a hankali, saiwa ta riƙe ƙasa, kogi ya zo da ruwa marar nauyin kaya, ya malala cikin fadama ya kwantar da laka mai laushi. Ruwan da ba shi da kaya kuwa yakan koma cin gindinsa, ya yi zurfi cikin abin da ya tara da, ya bar tsohon kwancinsa a sama ya zama tudu. Ta haka ne mutum zai gina gida a kan hanyar kogi bai sani ba. Wajen shekara 5,000 da suka wuce ruwan ya sake ja baya, Sahara ta koma hamada, aka doshi yanayin da aka sani yau.

Tsakanin biyun

Saura hawa ɗaya, shi ne yashin nan mai gaba uku da ke tsakanin jan rairayi da baƙar laka. A nan gundarin maganar yake. Zamanin fari ba ya yin zaizaya mai yawa, don babu ruwan da zai yi ta. Zamanin wadata ma ba ya yi, don ƙasa tana da sutura. Babbar ɓarna takan faru ne a kan gaɓar sauyi, sa'ad da ruwa ya komo da ƙarfi ya iske ƙasa tsirara, ciyawa ba ta riga ta kama ba. A lokacin ne kowane ɗigo ke fasa ƙasa, ƙorama ta zama kwazazzabo, kogi ya cika da kayan da suka fi ƙarfinsa. A 1958 waɗansu masana biyu na Amurka, Langbein da Schumm, sun gwada koguna da yawa na ƙasarsu, suka tarar waɗanda suka fi ɗaukar ƙasa su ne na wuraren da ruwan sama ya isa ya yi gudu amma bai isa ya rufe ƙasa da tsiro ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ruwa ya ɗauka kuwa tilas ya ajiye, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Da zarar gudunsa ya ragu sai ya saki tsakuwa, gaba kaɗan ya saki yashi, laka kuwa ya tafi da ita nesa. Ko a lanƙwasa ɗaya haka yake yi: ta waje ruwa yana da sauri sai ya ci gaɓa, ta ciki yana da nawa sai ya zubar. Shi ya sa dattijo ya rasa ƙasa, maƙwabtansa na ƙetare suka sami yashi. In aka dubi ƙasar baki ɗaya ma haka abin yake. Kogin Bunga da Kogin Iggi na wajen Birnin Kudu suna kwasa daga ƙasar duwatsu ta kudu, suna kaiwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta arewa maso gabas. Lakar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru, har zuwa wajen Gashuwa inda Jama'are da Haɗeja suka haɗu suka zama Komadugu Yobe, asalinta gonakin waɗansu ne da duwatsun waɗansu.

Da malamin ya kawo nan sai dattijo ya tare shi ya ce, “Tsaya, Malam, wannan kam ba sai ka koya mini ba.” Ya tuna farin 1973, lokacin yana saurayi, da na 1984, yadda dabbobi suka cinye ciyawa har saiwa, mutane suka sassare itatuwa don su sayar su ci, tudu ya koma fako. Ya tuna kuma daminar 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle a Kano, yadda ruwa ya zo ja wur kamar kunun kanwa, da yadda hanyar shanu ta bayan garinsu ta zama kwazazzabo cikin damina ɗaya. Ashe abin da ya ɗauki dubban shekaru a bangon rijiya, ya ga ƙaraminsa da idonsa cikin shekara 15.

Ya ce, “Duk dai ikon Allah ne.”

Malamin ya ce, “Babu shakka, Baffa. Amma Shi ne ya sanya wa kowane abu sababi, ya kuma ba mutum ido.”

Halin da ake ciki

Abin tsoro a yau shi ne, sharuɗɗan nan biyu na babbar zaizaya sun sake haɗuwa, wannan karo kuwa da hannun mutum a ciki. Ta fuskar sama, ɗumamar duniya tana sa iska ta riƙe danshi fiye da da, ta kuma sake shi gaba ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ta fuskar ƙasa kuwa, abin da fari ke yi da, yanzu gatari da garma ke yin sa. Jama'a sun yi yawa, saura ta ƙare, daji ya tafi a itacen girki da gawayi, ana huɗa har bakin ruwa, masu tifa suna kwasar yashi a gindin gaɓa. Ga ruwa mai ƙarfi, ga ƙasa tsirara. Madatsa tana iya rage ambaliya, amma ba ta hana tudu zubewa, sai dai yashin ya taru a cikinta. Mutanen Kogin Haɗeja sun ga wani gefen abin tun bayan gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992, inda laka da kacalla suka toshe hanyoyin ruwa, waɗansu gonaki suka nutse, waɗansu suka bushe.

Manomi ɗaya ba shi da iko a kan hadari, ba shi kuma da iko a kan abin da ake yi a dazukan Ningi. Abin da ke hannunsa shi ne ko ya tuɓe gaɓarsa ko ya bar mata sutura. Wannan ne dattijo ya kwana yana juyawa.

Da gari ya waye ya kira babban ɗansa, ya ce ba za a sare geza ba. Ya auna taki 15 daga bakin gaɓa ya kafa turaku, ya ce daga nan zuwa ruwa ba na garma ba ne. Ɗan ya ce, “Baba, kogi ya ci, mu ma mu ƙara masa da hannunmu? Wurin nan ya fi buhu biyu na shinkafa.” Dattijo ya ce ya sani, don shi ya fi kowa sanin abin da wurin ke bayarwa, amma gara a ba kogi ciyawa ya tauna da a ba shi gona. Da damina ta kama suka dasa jema da gamba layi-layi, suka bar giyayya da ta tsiro da kanta. Ɗan ya yi aikin, amma fuskarsa ba ta saki ba, har yau kuma in an zo rabon shinkafa yakan ambaci buhu biyun nan.

Dattijo bai yi wa kowa alkawarin cewa jema za ta tsayar da Kogin Bunga ba. Wanda ya iske kogi a ƙarƙashin gidan mutum ya san cewa in an daɗe zai tafi inda zai tafi. Abin da yake nema shi ne tafiyar ta zama a hankali, yadda jikokinsa za su sami abin nomawa kafin nan. Mutanen ƙetare kuwa sun shuka kankana da dankali a kan yashinsu, suna jiran ambaliya mai sauƙi ta shimfiɗa musu laka a kai.

Yanzu ƙarfi ya ja baya, dattijo ya daina shiga rami, sai dai ya zauna a baki yana duba yaransa. Amma ya kawo wata sabuwar ƙa'ida wadda ba su gane kanta ba tukuna: in kwando ya fito, ba a zubar da ƙasa wuri ɗaya. Laka gefe, yashi gefe, jan rairayi gefe, bi da bi yadda suka fito. In mai gida ya tambayi dalili, sai dattijo ya ce ya matso ya ga waɗanda suka riga shi zama a gidan.